Waiwaye: Hasumiyar da Na Raina a Akara

Shekara goma sha biyu na yi a Sabon Zongo da ke Akara, amma ban taɓa taka hasumiyar fitila ta Jamestown ba. Nakan hango ta daga motar haya, doguwa mai ratsin ja da fari, in kau da kai. A ganina wurin Turawa 'yan yawon buɗe ido ne.

Sai da kawuna, tsohon ɗan kasuwar goro, ya zo daga Kano. Ko gajiya bai warware ba ya ce, "Ɗan nan, gobe ka kai ni in ga fitilar bakin teku." Kunya ta hana ni cewa ban san ko ƙofarta ba.

Muka kama matakala mai murɗewa, Kawu yana hawa yana hutawa. Tsayin hasumiyar mita 28 ne. An gina ta farko a 1871, wannan kuwa ta maye gurbinta a shekarun 1930. Daga sama muka ga kwale-kwalen masuntan ƙabilar Ga birjik a gaɓa. Kusa da mu ga ganuwar James Fort, wadda Turawan Ingila suka gina a ƙarni na 17. An tsare bayi a cikinta, daga baya ta zama kurkuku, inda Kwame Nkrumah ya zauna daga 1950 zuwa 1951.

Kawu bai kula da ganuwar ba, teku ya ƙura wa ido. Ya ce kakansa ya fara fataucin goro da jakuna, daga Gwanja zuwa Kano, tafiyar watanni. Da jiragen Turawa suka yawaita, sai fatake suka koma sauko da goro Akara, a loda shi zuwa Ikko. Akara ba ta da tasha mai zurfi, don haka jirgi kan tsaya can nesa, a yi ta kai masa huhunan goro a kwale-kwale cikin igiyar ruwa. Da dare kuwa, hasken wannan wuri ne ke nuna wa matuƙi inda gaɓa take.

"Ka ga," in ji shi, "abincin gidanmu ta nan ya bi."

Na yi shiru. Ashe abin da nake ɗauka na baƙi ne yana da hannu a tuwon da ya raini iyayena. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 manyan jirage suka ƙaurace wa Jamestown, hasumiyar ta zama kamar dattijon da aka daina tambaya, alhali labarin yana bakinsa.

Mai karatu, a garinku ma akwai tsohon ginin da kake wucewa kullum, ko ƙofar ganuwa ko marina ko tashar jirgin ƙasa. Ka shiga ka yi tambaya tun masu ba da amsa suna raye.