Kamfani ya naɗe tutarsa, mu me ya rage mana?

Tun 1975, da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, takobi ke haɗa kan ƴan Nijar. Kamfanoni sun gane haka: kowace gasa sukan lulluɓe fili da tutoci, su raba riguna da huluna.

To, wa ke wannan ɗawainiya? Matasanmu masu sitaji, irin waɗanda jami'ar André Salifou ke yayewa nan Damagaram. An ɗauke su domin su koyi hulɗa da jama'a, sai ga su suna ɗaura ƙyallaye cikin rana. Ba su ganin yarjejeniya, balle su san nawa aka zuba, nawa ya kai hannun ɗan kokowa.

Kuɗin talla ciniki ne, ciniki kuwa da sharaɗi yake. Wajibi ne hukumar kokowa ta bayyana kuɗin ga jama'a, ta ware kaso domin gyaran filin Langa-Langa da horar da yara. Mai sitaji kuma a zaunar da shi inda ake lissafi. In ba haka ba, taro ya watse, a bar mu da ƙura.