Ranar Ol Sukul: Wa Muke Yi Wa Dariya?

Makon 'yan ajin ƙarshe ya ƙarato, kuma duk wanda ya kwana biyu a makarantar nan ya san yadda tsarin yake: ranar jesi, ranar al'ada, ranar ol sukul, sannan a rufe da dina da sa hannu a farar riga. A cikin ranakun nan babu wadda ake shan dariya kamar ta ol sukul. Samari su zo da wando mai faɗin ƙafa kamar buhu, da tabarau rabin fuska, wani ya saɓa rediyo a kafaɗa, wani ya barbaɗa hoda a gemu wai furfura. Mu kuma 'yan mata mu ɗaura zani iya ƙauri, mu caɓa jambaki, mu yi ɗige-ɗigen kwalli a goshi, mu kafa ɗaurin ture-ka-ga-tsiya. A yi hotuna, a cika sitatus, washegari a cusa kayan can ƙasan jaka.

Bara ina cikin 'yan kallo, na yi dariya har da hawaye. Bana da abin ya zo kanmu, sai na je gida na ce wa Umma ta ba ni kayan da, zan yi wasa da su a makaranta. Ta janyo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado. Tana buɗewa ƙanshin kafur da turaren wuta ya cika ɗakin. Ta ciro riga da zani na atamfa holan, ta ce cikin lefenta suka zo, kuma su ta sa ranar sunana. Ta ciro wani zanen saƙi mai nauyi na mahaifiyarta, wanda aka saƙa ƙyalle-ƙyalle aka harhaɗa da allura. Can ƙasa kuma ga hotonta da ƙawayenta biyu a situdiyo, da ɗaurin Maryam Babangida, gyale a kafaɗa, kowacce tsaf da ita. Na duba hoton nan na sake dubawa, ban ga ko mutum ɗaya da ta yi kama da abin da muke yi ranar ol sukul ba.

Umma ta kalle ni ta ce, "Wasa kika ce za ki yi da su? To mayar min da kayana."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Wato abin da muke kira shigar da, mu muka ƙirƙiro shi don mu yi dariya. Iyayenmu sun san gayu, sun san yadi, kuma sun san abin da ya dace da jikinsu. Ra'ayina shi ne mu daina ɗaukar tsohon yayi a matsayin kayan wasan kwaikwayo na rana ɗaya. Kaya ne na sawa, kuma ga ɗalibin da aljihunsa bai da nauyi, yana cikin hanyoyin da suka fi sauƙi na fita kunya.

Na gwada da kaina. Bayan na sha roƙo Umma ta ba ni atamfar, na kai wa tela ya rage min rigar kaɗan, na saka ta wata Talata na tafi lakca. Kafin azahar mutum uku sun tambaye ni a wane shago na saya a Kwari. Da na ce kwancen Umma ce, ta girme ni ma, sai ɗaya ta ce, "Au, kwance ce?" Muryarta ta yi ƙasa kamar na faɗi abin kunya. Atamfar da ta gama yabo minti ɗaya da ya wuce ita ce dai a jikina, launinta bai canja ba. Labarin inda ta fito kawai ta ji.

Wannan kunyar tana cin kuɗinmu. Kowa ya ƙirga ankon da aka yanka masa daga farkon zangon nan zuwa yau: na sashe, na dina, na ƙungiyar 'yan gari, ga na bikin ƙawa wanda shi kaɗai kan zo kala biyu ko uku. Yawanci yadi ne mai sheƙi a ido, wanki uku ya koɗe, a rana kuma ya riƙa dafa mutum don roba ta fi auduga yawa a cikinsa. Kuɗin nan daga ina suke fitowa? Daga na handawut, da na buga furojet, da na abinci. Na san wadda ta ci bashi don anko, ta sa shi sau ɗaya, ta shafe wata biyu tana kauce wa mai kuɗin a hostel. Aka ce zanen aro ba ya rufe katara, to na bashi ma haka.

Alhali kasuwannin da za su raba mu da wannan wahala suna nan, kuɗin adaidaita ne tsakaninmu da su. A Ƙofar Wambai ake kwance dilolin gwanjo, kuma 'yan Kaduna sun san Kasuwar Barci. Wanda ya yi sammako ranar buɗe dila zai iya tsintar kwat, ko rigar sanyi, ko jaka ta fata, ko shat ta auduga zalla wadda ɗinkinta ya fi na sabuwar da aka rataye a butik. Mu faɗi gaskiya ma, wasu kayan butik ɗin daga dilar aka tsince su, aka wanke, aka goge, aka fesa turare, aka ninka kuɗin.

Amma inda na fi so mu leƙa shi ne Kurmi. Kasuwa ce da aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kuma har yau in ka kutsa lungunanta za ka tarar da masu huluna, da dukawa masu jaka da takalmin fata, da masu tsakiya da murjani da awarwaro, da masu manyan riguna na ɗinkin hannu. A can wani dattijo ya zaunar da ni ya nuna min bambancin saƙi da tsamiya da barage. Saƙi shi ne mai ƙananan zane baƙi-baƙi da fari kamar jikin zabuwa. Tsamiya siliki ce ta gida mai ruwan ƙasa, daga saƙar wata tsutsa ake samun zarenta. Barage kuma shi ne mai ratsin ja. Ya shimfiɗa wata riga ya ƙirga min asake a ƙirjinta, ya ce wannan ita ce aska takwas, waccan kuma aska biyu. Ni da nake shirin karɓar difloma, a garin nan aka haife ni, amma sai ranar na san sunayensu.

Daga nan in ka ƙarasa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, za ka ga ramukan da har yau ake jiƙa baba da toka a rina yadi da hannu. Da yawa daga ramukan sun bushe, babu mai aiki a kansu. Wannan sana'ar ce ta taɓa fitar da sunan Kano duniya. Matafiyin nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Rawanin ɗan Kura mai ƙyalli, wanda Buzaye suke ji da shi, sunan garin Kura ya ɗauka. Mutanen da suka tufatar da Sahara su ne jikokinsu suke tsayawa a gaban kyamara suna kwaikwayonsu kamar wasu gidadawa.

Shiga irin waɗannan kasuwanni yana son ido da haƙuri, don ba kowane tsoho ne zuma ba. Ga abin da na koya. Ka ɗaga riga sama ta fuskanci rana, duk inda ta sale ko asu ya ci za ka gani. Duba wuya da hammata, nan ne tufa take fara mutuwa. Juya cikinta ka ja ɗinkin kaɗan, ka gwada zif, ka ƙirga maɓallai. Atamfa ta ainihi launinta ciki da waje kusan ɗaya ne, wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya kuwa cikinta fari-fari yake. In kina shakkar yadi, zare silin zare ɗaya ki ƙona: auduga tana ci ta zama toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Kada ka nuna zumuɗi a gaban mai kaya, kuma kada ka ji nauyin tayi. In an dawo ɗaki a jiƙa da ruwan zafi da Dettol, a wanke, a shanya a rana sosai, a goge. Kayan ciki kam a bar su a can, wannan a sayi sabo. Sannan a samu tela mai haƙuri, don rabin gayun tsohon kaya a hannunsa yake.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, wai ba a san wanda ya sa kayan ba. Gaskiya ne, shi ya sa na yi maganar wanki. Amma mu tuna gidajenmu sun daɗe da sanin dillaliya, wadda take yawo gida-gida da ƙullin atamfofi da kwanuka, kuma a cikinmu babu wanda bai taɓa gadon rigar yaya ko ta yayarsa ba. Yaushe abin ya zama abin gori?

Na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. Gwanjon da ake shigowa da shi daga Turai da Amurka da Sin yana cikin jerin kayan da doka ta hana shigowa da su Najeriya, ta ɓarauniyar hanya yawancinsa yake ratso iyaka. Kuma duk rigar waje da aka saya, ciniki ne da ya wuce telan unguwa. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957, da UNTL, da sauran masaƙun Kakuri da na Kano, sun taɓa ciyar da dubban gidaje. Rashin wuta da kwararowar yadin waje mai araha suka durƙusar da su, gwanjo ma ya sa hannu. Akwai 'yan ajinmu da iyayensu suka rasa aiki a lokacin. Don haka ba na cewa gwanjo abin alfahari ne. Rufin asiri ne, kuma ɗalibin da ya rufa wa kansa asiri da shi bai yi laifin da za a yi masa kallon banza ba. Abin alfaharin shi ne namu na gida, na akwatin Umma da na Kurmi da na marina.

Na uku, za a ce saƙi da rigar ɗinkin hannu ai tsada gare su, ina ɗalibi ina su. Haka ne, aikin da mutum ya shafe makonni a kansa ba zai zo da kuɗin yadin kanti ba. Amma ba dole ne a fara da babbar riga ba. Hula ɗaya ta ɗinkin hannu, ko ɗankwali rinin Ƙofar Mata, ko takalmin fata, kuɗinsu bai kai na anko ɗaya ba, kuma za su raka ka har bayan ka bar makarantar nan. Na akwatin gida kuwa kyauta ne, sharaɗin kawai a nemi izini. Kada wata ta je ta sa almakashi a holan ɗin Hajiya ta ce a mujallar ƙungiya ta karanta.

Ga ƙungiyar ɗalibai kuma ina da shawara. Duk shekara muna tururuwa zuwa baje kolin titin gidan zu, mu sha yawo mu ci tsire mu dawo. Me zai hana mu yi namu ƙarami a harabar makaranta, ko da sau ɗaya ne a zango? A kafa rumfuna. Mai kayan da ya daina sawa ya kawo ya sayar ko ya yi musanya. A gayyato marina da masaƙa da masu ɗinkin hula su baje kayansu, su kuma nuna yadda ake yi. 'Yan sashen ɗinki da zayyanar tufafi su zo da kekunansu su riƙa gyara nan take a kan kuɗi kaɗan. Kwas ɗin EED da kowa yake yi don a ci jarabawa kawai, ga inda zai yi amfani a fili. Abin da za a kashe bai wuce na hayar rumfa da kujeru ba, bai kai rabin abin da dina take lashewa ba.

Ranar ol sukul kuma ba na cewa a soke ta. A yi ta da kyau kawai. Kowa ya je gida ya nemi tsohon hoton babansa ko na mamarsa, ya tambayi sunan yadin da sunan ɗinkin, ya yi shigar kamar yadda suka yi ta lokacin suna ji da kansu. In za a ba da kyauta, a ba wanda ya fi kama da hoton da ya kawo.

Ni dai na riga na yi alkawari da Umma. Zan ɗaura zanen saƙin kakata, zan yi ɗaurin da ke cikin hoton nan, babu ɗigon kwalli ko ɗaya a goshina. Ta ce in dawo mata da shi a ninke yadda ta ba ni, in kuma kawo mata hoton ta gani. Wanda ya ga dama ya yi dariya, amma ya fara zuwa ya taɓa zanen tukuna.