Talabijin Ɗin Bango Da Kuɗin Gero

'Yan'uwa ɗalibai, tun da aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan cikin 1959, Kaduna ta bi baya cikin 1962, akwatin nan yake ta sake kama. Yau ya koma falle guda a jikin bango, hotonsa tangaran, ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Da wayar HDMI ƙwaya ɗaya akan haɗa shi da kwamfuta, abin da mutum ɗaya yake kallo ya wadaci gida duka.

Abin da ya dame mu shi ne, da kaka ta yi, waɗansunmu sukan koma Wonaka, ko Tsafe, ko Bunguɗu, su matsa wa iyaye a sayar da gero da dawa a je Gusau a sayo shi. Alhali kuwa cikin fargabar 'yan bindiga manomin Zamfara ya nomo hatsin nan. Sa'an nan a gidan da wutar lantarki ba ta zama, kuɗin talabijin somin taɓi ne. Saura farantin hasken rana, da batir, da na'urar daidaita wuta, kowanne da nasa farashi.

Shawararmu ita ce a fara duba rumbu, a tabbata zai kai iyali baɗi. In an sami rara aka saya, kada a ƙare a ƙwallon Ingila da fina-finan Indiya. Mu masu kwamfuta mu zo gida da darussan lissafi da na kimiyya, mu mai da bangon zaure allo ga ƙannenmu masu shirin jarrabawar JAMB. Ta haka ne kuɗin gero zai haihu.