Ra'ayi: Wa ke ba da labarin matar da aka kira mayya?

Litattafan da ke haɗa tarihi da al'ajabi, waɗanda taurarinsu mata ne da aka yi wa laƙabin mayu, suna samun kasuwa a Turai da Amurka. Matasanmu masu karatu da Faransanci da ƴan ci-rani na cin karo da su a shaguna da intanet, kuma wasu na kallonsu a matsayin shirme ko tallar sihiri. A ganina, nagartattu daga cikinsu suna yin aikin da marubutanmu suka daɗe suna kauce masa: suna ba wa matar da aka zarga damar buɗe baki.

A 1692, a garin Salem na yankin Masacusets da ke Amurka ta yau, an rataye mutum 19 bisa zargin maita, 14 daga cikinsu mata. Cikin waɗanda aka fara kamawa akwai Tituba, baiwa a gidan limamin cocin garin. Takardun kotu sun adana abin da ta faɗa a gaban masu tuhumarta, daga baya labarinta ya ɓace. A 1986 Maryse Condé, marubuciya daga tsibirin Gwadalup, ta ƙaga mata cikakkiyar rayuwa a littafi. A ciki, wata tsohuwa ce ta raine ta, ta koya mata magungunan itatuwa da magana da matattu, sannan a kurkuku wata fursuna ta zama aminiyarta. Abin da ya riƙe Tituba a labarin shi ne hannun ƴan uwanta mata.

Mu ma muna da tamu. A watan Afirilun 1899, Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, ta tari rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi ta ƙona garuruwa a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Turawan sun ambace ta a taƙaice, a matsayin matsafiya. Abdoulaye Mamani ne ya mai da ita jarumar littafi a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Sarauniyar da ƴan makaranta suka sani a yau, da yawanta daga alƙalamin Mamani ta fito. Wannan ya nuna ƙarfin ƙagaggen labari wajen sauya yadda al'umma ke kallon mace.

Masu cewa irin wannan rubutu baƙon abu ne su tuna da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934. Jaruminsa ya yaƙi Turawan Ingila, sannan ya shiga duniyar aljanu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma cike yake da al'ajabi. Babu wanda ya karanta su ya koma boka. Giɓin da ke akwai shi ne jaruman maza ne. Idan mace mai asiri ta bayyana a litattafanmu da finafinanmu, yawanci muguwar kishiya ce, ko uwar miji, ko ƙawar da ke jan amarya zuwa wurin boka. Ƙawancen mata kansa an mai da shi abin tsoro.

Wannan hoto yana da illa a zahiri. Har gobe, idan zazzaɓi ya birkita yaro ya ambaci sunan wata tsohuwa, ana iya cewa ta kama masa kurwa, a tilasta mata ta tsallake shi a gaban jama'a. Daga ranar an daina sayen ƙosanta, ƴaƴanta mata kuma su rasa manema, domin ana ɗaukar maita a matsayin gado. Wadda ake nunawa da yatsa galibi gwauruwa ce ko matalauciya, marar mai tsaya mata. Shi kuwa yaron, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ana can ana rigima maimakon a kai shi likita.

Gaskiya ne labari na iya ƙarfafa camfi idan ya tabbatar wa mai karatu cewa tsohuwar ta ci yaron. Saboda haka ya danganta da inda marubuci ya tsaya. Ina kira ga matasan marubuta na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, musamman mata, da su ɗauki zamanin Lugu ko na daular Damagaram, su sa aljanu da iskoki yadda suke so, amma su ba da labarin daga bakin wadda aka zarga, da maƙwabciyar da ta ci gaba da aika mata tuwo bayan kowa ya guje ta. Wanda ya karanta irin wannan littafi zai yi jinkiri kafin ya shiga ayarin masu jifa.