Sharhi: An Raba Ajiyar Bayanai a Wurare da Yawa, To Wa Ke Ganinsu Duka?

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya nuna irin ɓarnar da ke tattare da tara komai a Khartum. Manyan na'urorin ajiyar bayanai na bankuna, na jami'o'i, na ma'aikatu da na kamfanonin sadarwa, kusan duk suna cikin wasu 'yan unguwanni ne a bakin Nilu. Da wutar lantarki ta ɗauke, ma'aikata suka tsere, sai tsarin kamfanin EBS mai haɗa bankunan ƙasar ya tsaya, tura kuɗi daga banki zuwa banki ya gagara. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum ce ta riƙe mutane, ita ma ɗin tana ɗaukewa tana dawowa.

A Fabrairun 2024 abin ya ƙara ƙamari. Layukan MTN da Sudani da Zain suka mutu bi da bi, aka zargi dakarun RSF waɗanda cibiyoyin kamfanonin ke hannunsu a lokacin. A Omdurman da Bahri, ɗakunan dafa abincin sadaka da ake kira takaya sun dogara ne da kuɗin da ake turowa ta Bankak, don haka da yawa suka sauke tukunya. Na'ura ta tsaya a wani gini, yaro ya kwana da yunwa a wata unguwa. Sai da Sudani ya kafa sabuwar cibiya a Port Sudan kafin layinsa ya dawo.

Darasin da hukumomi suka ɗauka shi ne a rarraba ajiya, kuma daidai ne. Wasu sun kai na'urorinsu Port Sudan, wasu sun kama haya a wajen kamfanonin da ke bayar da ajiya ta intanet, abin da masana ke kira girgije, irin su Amazon Web Services, Microsoft Azure da Google Cloud. Jiragen da ba matuƙi da suka riƙa kai hari Port Sudan daga 4 ga Mayu, 2025 sun tabbatar da cewa sauya gari ɗaya da wani gari ɗaya ba mafita ba ce.

Amma ni damuwata a nan take: kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙaurar gaggawa ba ta da tsari. Jami'in kwamfuta ya buɗe asusu da adireshin imel ɗinsa, ya biya da katin ɗan'uwansa da ke Riyad, ya ɗora sakamakon ɗalibai, sannan shi ma ya yi hijira zuwa Alƙahira. Wani sashen na hukumar ya yi nasa a wani kamfanin daban. Kowane kamfani da allonsa na lura, da sunayen da yake kiran kayansa, da takardar bashinsa a dala. To, ka tambayi shugaban irin wannan hukuma: asusu nawa kuke da su? Wa ke riƙe da kalmar sirrin kowanne? Wane kwafi ne na ƙarshe? In ba zai iya amsawa a zama ɗaya ba, bayanan nan ba a hannun hukuma suke ba, a hannun sa'a suke.

Mu malamai mun san wannan a ƙaramin mataki. Kowane malamin aji da rajistarsa, amma hedimasta na da babban littafi da ke nuna masa makarantar gaba ɗaya. Ba wai ya ƙwace rajistocin ba ne, a'a, yana ganinsu ne. Abin da manyan kamfanoni a duniya ke kashe kuɗi a kai ke nan: allo guda da zai nuna duk abin da ke ajiye a kowane girgije, wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, abin da ya lalace, da nawa ake biya. Hanyar shiga ma guda ce, ta yadda in ma'aikaci ya bar aiki, rufe ƙofarsa sau ɗaya ya wadatar. Kuma ba dole sai da miliyoyi ba, akwai manhajojin kyauta irin su Grafana da Prometheus da ake haɗa irin wannan allo da su. Abin da ya fi wuya shi ne a zauna a ƙirga, domin ƙirga na tona asirin sakaci.

Akwai kuma batun da ya fi na fasaha nauyi. Girgije suna ne kawai, a zahiri gini ne a ƙasar wasu, ƙarƙashin dokar wasu. Cibiyoyin Amazon da Microsoft na yankinmu sun haɗa da waɗanda ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da gwamnatin Sudan ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Mayun 2025. Ashe bai kamata banki ko ma'aikata su san ko nasu bayanan a can suke kwance ba? Su kuwa kamfanonin Amurka, mun ɗanɗana zamanin takunkumi kafin 2017, lokacin da ayyuka da dama na intanet suke a rufe ga duk wanda ke Sudan. Ƙofar da aka taɓa rufewa ana iya sake rufe ta. Wasu ƙasashen sun yi abin da ido buɗe: Estoniya ta ƙulla yarjejeniya da Lukzambur a 2017 don ajiye kwafin muhimman bayanan gwamnatinta a can bisa kariya irin ta ofishin jakadanci, Yukren kuma ta gyara dokarta kwanaki kaɗan kafin mamayar Rasha a 2022 don ta iya fitar da nata.

Na san za a ce allo guda shi ma abin farauta ne, kuma gaskiya ne. A ƙasar da aka sha kashe intanet da umarnin masu mulki, kamar a Yunin 2019 da Oktoban 2021, ba zan so a miƙa wa ofishi ɗaya makullan kowa ba. Shi ya sa nake cewa a bambanta gani da iko. Mai lura ya ga cewa ajiya tana nan lafiya, amma kada ya iya karanta abin da ke ciki ko ya goge shi, kuma shi ma a riƙa rubuta duk abin da ya duba.

Wa abin ya shafa? Ɗalibin da jarrabawar shahadar sakandare ta 2023 ta ɗage masa har zuwa Disamban 2024. Da 'yan Kano da Sakkwato da Maraɗi da suka bar Jami'ar Afirka ta Duniya cikin gaggawa ta iyakar Argin, waɗanda wata jami'ar ba za ta karɓe su ba sai da takardar makinsu. Da gwauruwar da shaidar gidanta a Omdurman ta ƙone, ta rage sai abin da ke rumbun ofishin filaye.

Tunda sojoji suka karɓe Khartum a Maris ɗin 2025, hankali ya karkata ga gyaran gine-gine. Ina kira ga Babban Bankin Sudan da ma'aikatun ilimi biyu, kafin a sayi sabuwar na'ura ko ɗaya, su umarci kowane banki da kowace jami'a su kawo jerin asusunsu na girgije, da ƙasar da kowanne yake, da sunan ofishin da ke riƙe da makullinsa. Sannan sau biyu a shekara a zaɓi fayil ɗin ɗalibi ɗaya ko na mai ajiya ɗaya, a ce a fito da shi daga kwafin ajiya a gaban mai bincike, a rubuta awa nawa abin ya ɗauka.