Jinkirin Haihuwa: Shekara Ɗaya Ta Isa, A Zo Asibiti Tare Da Maigida

Da wuya a sami gida a cikin birnin Kano, daga Yakasai har Mandawari, da babu wata baiwar Allah mai jiran haihuwa shiru. Ko ƙanwarki ce, ko matar yayanki, ko abokiyar zamanki. Saboda ita na yi wannan rubutu, ina roƙo ku kai mata saƙo.

A ganina muna yin jinkiri da yawa. Sai an shekara biyar ko shida ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, kuɗi sun ƙare, aure ya fara tangal-tangal, sannan a tuna da asibiti. Haihuwa ta Allah ce, babu ja. Amma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Kuma matsalar ba tamu ce kaɗai ba: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar ta a rayuwarsa.

To, yaushe ya kamata a ga likita? Idan mata da miji sun shekara ɗaya suna saduwa a kai a kai, ba a shan maganin tazarar haihuwa, kuma ciki bai shiga ba, lokaci ya yi. Cikin ma'aurata 10, wajen 8 kan sami ciki a shekarar farko. Don haka iyayenmu, a daina sa wa amaryar wata uku ido. Haka kuma a duba ko maigida matafiyi ne, wanda sai bayan wata biyu yake leƙowa daga Legas.

Idan mace ta kai shekara 35, wata 6 kawai za a jira, domin ƙwayayenta na raguwa da shekaru. Mai shekara 40 kuwa kada ta jira ko kaɗan. Haka ma duk wadda al'adarta ke zuwa ƙasa da kwana 21 ko sama da 35, ko take ɗaukewa watanni, ko take fama da matsanancin ciwon mara, ko nononta ke ruwa alhali ba ta shayarwa, ko ta yi ɓari biyu a jere, ko aka taɓa yi mata tiyata a mara.

Ke ma mai juna biyu, maganar ta shafe ki. Da yawan matan da muke gani sun taɓa haihuwa, daga nan abin ya tsaya. Sau da yawa sanadin shi ne ƙwayoyin cuta da suka shiga mahaifa bayan haihuwa ko ɓari, suka toshe bututun da ƙwai ke bi. Idan kin ji zazzaɓi, ko ciwon mara, ko kin ga ruwa mai wari bayan haihuwa, kada ki ce ruwan wankan jego zai gyara. Ki garzayo asibiti.

Yanzu ga mazajenmu. A gaskiya ana zaluntar mata a nan. Ita ake yi wa gori, ita ake kira juya, ita ake yi wa kishiya, alhali a ma'aurata da yawa matsalar daga namiji take, ko daga su biyun. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar maniyyinsa daban. Ko kana da 'ya'ya da uwargida, ciwon sanyi ko ciwon suga ko rauni a maraina na iya canza lamarin daga baya. Gwajinka shi ne mafi sauƙi: ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka ba da maniyyi a duba. Ita kuwa sai an ɗebi jininta, an yi hoton mahaifa da na bututu. Don me za a fara da mai wuya a bar mai sauƙi?

Akwai sashen likitocin mata a Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Ku zo da ranakun al'ada na watannin baya a rubuce, da tsofaffin takardun asibiti, da duk maganin da ake sha. Kafin nan a daina cusa magani a gaba, a daina sayen ƙwayoyin sa haihuwa a kemis ba da umarnin likita ba.

Babu ma'aikacin lafiyar da zai yi muku alkawarin ɗa. Amma wasu ƙwaya kawai suke buƙata, wasu ƙaramar tiyata, wasu kuma dashen ƙwai, wanda aka fara samun haihuwa da shi a Ingila tun 1978. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: ko wanne ne cikinsu, ya fi aiki idan an zo da wuri.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu nema zuriya mai albarka.