Albashi Kaɗai Ba Ya Riƙe Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, magidanci mai albashi a Najeriya ya koma lissafi da yatsu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma kafin shekarar ta ƙare hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Albashi ya shigo ranar 28 ga wata, kafin 5 ga sabon wata mai shago ya karɓi bashinsa, makaranta ta aiko da takardar kuɗin zango, ragowar ta tafi a kuɗin mota. Ra'ayin wannan jarida shi ne, a wurin aiki ya fi dacewa a koya wa iyaye sarrafa kuɗi, kuma koyarwar ba za ta yi amfani ba muddin mai ba da aikin bai sauke nasa nauyin ba.

Ilimin da muke nufi na yau da gobe ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. Nawa ne ke duba ko kuɗin na shiga asusunsu? Uban da ya san yadda ruwan bashin manhajojin waya ke hauhawa cikin makonni, da yadda wasunsu ke tura wa surukai da maƙwabta saƙon tozarci, zai yi tunani kafin ya danna. Wanda ya gane cewa babu halastacciyar sana'ar da ke ninka jari a wata guda da bai faɗa hannun 'yan damfarar MMM a 2016 ko na CBEX a 2025 ba. Tattalin kuɗi ma ba baƙo ba ne, iyayenmu mata sun daɗe suna aurar da 'ya'ya da adashi.

Za a ce ana tattalin abin da babu ne? Tambayar tana da nauyi, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa muka ɗora rabin nauyin a kan masu ba da aiki. Dokar ƙwadago ta ba mai jego hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun zuwa wata shida a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta ba ma'aikatanta maza kwana 14 a 2021. Amma a ƙananan makarantun kuɗi da shaguna, malama ko mai jiran kanti kan koma aiki tun ba ta yi arba'in ba, don tsoron kada a maye gurbinta. Daga nan sai madarar gwangwani da kuɗin mai raino su cinye albashin, duk iya lissafinta.

Masu ƙananan masana'antu za su ce su ma da ƙyar suke numfashi, kuma gaskiya ne. Sai dai yawancin abin da muke nema ba ya cin kuɗi sosai. A tsayar da ranar biyan albashi, a daina ɗaga ta. A bar ma'aikata su kafa ƙungiyar gama kai, ana cire musu kaɗan duk wata, su riƙa ba juna rance marar ruwa, su sari shinkafa da sukari buhu-buhu kafin azumi. A ware ɗaki guda da tabarma don masu shayarwa. Ƙwararriyar ma'aikaciyar da ta ajiye aiki saboda goyo, sai an ɓata watanni ana koya wa wata kafin ta kama ƙafarta.